Azara da Soso: Yadda Wuta Ke Cin Kayan Gida a Cikin Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta wuta da gobara. Wuta abokiyar zama ce, da ita ake girki, da ita ake jin ɗumi, da ita kuma maƙeri ke sarrafa ƙarfe. Gobara kuwa ita ce wutar da ta fi ƙarfin mai ita. Mutanen Kano ba baƙin gobara ba ne. Sun ga ta Kantin Kwari a shekarar 2010, da ta kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 wadda ta lashe dubban shaguna, sa'an nan a cikin ganuwa ma Kasuwar Kurmi ta taɓa nata rabon a 2023. Gobarar kasuwa dukiya ta fi ci, shi ya sa labarinta ke yin nisa. Amma a ko'ina cikin duniya yawancin mutanen da gobara ke kashewa a gida take samunsu, kuma hayaƙi ne ke kashe mafi yawansu tun harshen wuta bai taɓa su ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke faruwa idan zafi ya sami abubuwa biyu da suka cika gidajen birni a yau, watau itace da soso. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sanin wuta da muka gada daga iyaye da kakanni a kan itace aka koye shi, kuma ya dace da gidan ƙasa da azara. Gidan yana nan, lungun yana nan, amma kayan ɗaki sun sauya, kuma lokacin da wuta ke bai wa mutum ya tsira ya ragu ƙwarai.

2.0 Ginin Birni da Kayan Ɗakinsa

Tarihi ya nuna cewa an soma ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134), kuma a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka gina Gidan Rumfa, aka kafa Kasuwar Kurmi. Ginin da birni ya shahara da shi na tubali ne da ƙasa, rufinsa kuma na azara. Azara ita ce tsagin itacen giginya, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri da jure wa gara. Akan jera ta a kan bango, a shimfiɗa zana ko asabari a bisanta, sa'an nan a ɗora ƙasa mai kauri a daɓe. Tun da tsawon da azara ɗaya ke iya ɗauka ba tare da madogara ba bai cika wuce mita 2 ba, sai magina suka ƙirƙiro ɗaurin guga da bakan gizo, inda ake ɗaura azara a kan azara, a lulluɓe su da ƙasa har su ɓace. Wanda ya shiga Gidan Makama ya ɗaga kai zai ga irin wannan aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka birnin da ba ya gobara. Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar da soraye da ɗakunan ciyawa a cakuɗe, kuma jinka da danga da rumfar kara abinci ne na wuta. Haka ma katifar audugar rimi, da tartsatsi ya faɗa mata sai ta kama. Sai dai shi ɗakin soro kansa kayan cin wutarsa kaɗan ne: bango ƙasa, daɓe ƙasa, wani lokaci ma gadon na ƙasa ne, sai tabarma da buzu da jeren ƙorai ko tasoshi.

Soso kuwa baƙo ne na jiya jiya. Sunansa a wurin masana kimiyya foliyuretan, kuma wani Bajamushe mai suna Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka fara haɗa shi a 1937. Mai laushin da ake katifa da shi ya shiga kasuwa a shekarun 1950. A Nijeriya an kafa kamfanin Vitafoam a 1962, shi kuma kamfanin Mouka asalinsa a Kano aka kafa shi a 1959 yana aikin ƙarfe da katako, daga baya ya buɗe masana'antar soso a Legas. Mutane sun karɓi soso hannu biyu, kuma da dalili: ga laushi, ga rashin nauyi, ga sauƙin kuɗi. A yau ɗakin amarya bai cika ba sai da katifa mai kauri da matasan kai da saitin kujerun kushin, kuma duk soso ne a cikinsu. Tare da shi rufin kwano ya maye gurbin rufin ƙasa a gidaje masu yawa, aka shigo da siraran katako da silin da kayan ɗaki na matsattsen garin katako.

3.0 Me Ake Nufi da Cin Wuta?

Mukan ce wuta ta ci itace, kamar dai ita ce ke gatsa tana haɗiyewa. A haƙiƙa abin mataki biyu ne. Mataki na farko shi ne rushewa da zafi, watau zafi ya wargaza ƙwayoyin da abu ya ginu da su, su koma tururi mai kamawa. Wannan mataki ba ya bukatar iska. Mataki na biyu shi ne wannan tururi ya gauraya da iskar oksijin ya kama. Harshen wuta da muke gani tururin ne ke ci a bisa itacen, kuma zafinsa ne ke komawa ya ƙara rushe itacen, ya fitar da wani tururin.

Masu yin gawayi sun san mataki na farko tun kafin a ba shi suna a littafi. Sukan tara itace, su sa masa wuta, su rufe shi da ƙasa domin su hana shi iska. Zafi ya kori ruwa da tururi, abin da ya rage shi ne gawayi. Da za su bar shi a buɗe, da toka za su kwasa. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi game da kowane abu a ɗaki ita ce: a wane zafi yake rushewa, da wane irin sauri, kuma me yake fitarwa?

4.0 Yadda Itace Ke Rushewa

Itace ya ginu da abubuwa uku. Akwai selulos, wanda ya kusa rabin nauyinsa, shi ne zaren. Akwai hemiselulos da liginin, waɗanda ke riƙe zaren kamar yadda ƙasa ke riƙe tubali. Idan zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ruwan da ke cikin itace yakan fara fita, kuma muddin da sauran ruwa zafin ba ya hawa da sauri. Wannan ne dalilin da ɗanyen itace ke hayaƙi da kumfa a baki maimakon ya ci. Daga wajen digiri 200 zuwa 260 hemiselulos ke rushewa, selulos ya biyo baya daga wajen 240 zuwa 350, liginin kuwa a hankali yake tafiya har zuwa wajen 500. Idan fuskar itace ta kai wajen digiri 300 zuwa 350 kuma akwai harshen wuta kusa, sai tururin ya kama.

Abin da ya sa itace ya zama mai haƙuri shi ne gawayin da yake bari a fuskarsa. Gawayi ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauƙi, saboda haka yakan zama kamar bargo ga sauran itacen da ke ciki. Gwaje-gwajen da aka yi a kan katakon gini sun nuna cewa wannan gawayi yana cin ciki da saurin kamar milimita 0.6 zuwa 0.7 a minti ɗaya, watau wajen santimita 4 a awa guda. Da wannan lissafi mai karatu zai gane bambancin kauri. Gungumen itace zai yi baƙi ƙirin a waje alhali cikinsa na ɗauke da nauyi. Katakon rufi mai kaurin santimita 5 kuwa, wanda wuta ke ci ta fuskoki biyu, ba zai kai minti 40 ba ya ƙare, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya tafi. Falle na silin 'yan mintoci kaɗan yake yi ya huje.

A nan hikimar rufin soro ta fito. Azarar da ke cikin ɗaurin guga ƙasa ta rufe ta, iska ba ta kai gare ta. Wadda aka jera a rufi kuma ta ƙasa kaɗai wuta ke samunta, domin samanta ƙasa ce. Har wa yau rufin ƙasa ba shi da kogon da wuta za ta bi ta tsallaka ɗaki na gaba. Rufin kwano kuwa yana da fili tsakanin silin da kwano, cike da busasshen katako da wayoyin lantarki, kuma sau da yawa wannan fili a haɗe yake daga ɗakin farko har na ƙarshe. Duk da haka rufin ƙasa na da nasa haɗari: idan wuta ta daɗe har azara ta gaza, nauyin ƙasa gaba ɗaya ne zai rufto.

5.0 Yadda Soso Ke Rushewa

Ana haɗa soso ne daga sinadarai biyu masu ruwa-ruwa da ake samu daga man fetur, ɗaya ana ce masa foliyol, ɗaya kuma aisosayanet. Idan aka gauraya su da ɗan ruwa sai iska ta taso a ciki, haɗin ya kumbura kamar ƙullin da aka sa wa yisti, ya daskare a haka. Shi ya sa fiye da kashi 95 cikin ɗari na girman katifa iska ce. Mita ɗaya ta kowace fuska ta soson katifa nauyinta kilo 20 zuwa 30 ne, alhali katako mai girman haka yakan kai kilo 500 ko fiye.

Wannan rashin nauyi da ya sa soso daɗin kwanciya shi ne ya sa shi saurin kamawa. Idan aka kai ashana jikin katako, jikin katakon yakan shanye zafin ya rarraba shi. Soso ba shi da jikin da zai shanye zafi, sai duk ya taru a fuska, ta kai zafin rushewa cikin 'yan sakan. Daga wajen digiri 200 zuwa 300 ɗaurin da ke tsakanin sinadaran biyu ke kwancewa. Ɓangaren aisosayanet ya tashi a hayaƙi mai ɗorawa-ɗorawa da ke yanka ido da maƙogwaro. Ɓangaren foliyol kuwa ya narke ya koma ruwa mai kauri, yana ɗiga yana ci, ya taru a ƙarƙashin gado ko kujera kamar an zubar da mai. Daga nan wutar ƙasa na hura ta sama, ta sama na ƙara wa ta ƙasa mai. Soson katifa na yau da kullum ba ya barin gawayin kirki da zai kare sauran.

An auna zafin da kujerar kushin mai zaman mutum uku ke fitarwa idan ta kai ƙololuwar ci, aka samu yana kai megawat 2 zuwa 3. Wannan daidai yake da a kunna hita dubu biyu ko uku masu kilowat ɗaya-ɗaya a ɗaki guda. Zafaffen hayaƙi yakan taru a ƙarƙashin rufi, kuma da ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 sai zafinsa ya gasa duk abin da ke ƙasa, labule da kafet da tufafi su kama a lokaci ɗaya. Wannan yanayi za mu iya kiransa game-ɗaki, kuma bayansa babu mai fita da rai.

Hausa tana da sunayen wuta biyu da suka dace a tuna a nan. Akwai wutar kara mai tashi bal ta mutu nan da nan, akwai kuma wutar ƙaiƙayi mai ci ta ƙarƙashi ba a sani ba. Soso ya haɗa halin duka biyun. Garwashin turaren wuta ko guntun taba da ya faɗa a kan katifa mai rigar auduga zai iya yin awa guda ko fiye yana ci a ɓoye, yana fitar da guba, sa'an nan ya tashi da saurin wutar kara. Inda ya bambanta da kara shi ne, ba ya mutuwa da wuri.

6.0 Abin da Ke Cikin Hayaƙi

Duk abin da ya ƙone a inda iska ta yi ƙaranci yana fitar da iskar kabon monoksaid, itace ne ko soso ko gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, saboda haka mai shaƙarta yakan ji ciwon kai da kasala, mai barci kuma ya zarce. Ita ce ke kashe waɗanda suka rufe ɗaki da kaskon garwashi a lokacin sanyi, ko suka kwana da janareto a cikin gida, ko da babu abin da ya ƙone.

Soso yana da ƙari a kan wannan, domin akwai naitirojin a jikinsa, abin da itace ba shi da shi sai kaɗan. Idan zafi ya yi tsanani kuma iska ta ragu, wannan naitirojin yakan fita a matsayin iskar sayanayid. Ita ba jini take tarewa ba, ƙwayoyin jiki take hanawa su yi amfani da oksijin ɗin da ya iso gare su, kuma ɗan kaɗan daga cikinta yana kayar da mutum cikin minti ɗaya ko biyu. Gashin tumaki da fata ma suna fitar da ita, haka nan gam ɗin da ake matse garin katako da shi, sai dai a ɗakin zamani soso ne babban tushenta saboda yawansa da saurin cinsa. Idan silin ɗin na roba ne, shi ma yana ƙara hayaƙi mai ƙona huhu. A lokaci guda kuma wutar na shanye oksijin na ɗakin, wanda a sarari kashi 21 cikin ɗari ne na iska, kuma idan ya sauko wajen kashi 10 mutum yakan suma.

7.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gani

A ranar 8 ga Mayu, 1979, wuta ta kama sashen kujeru na kantin Woolworths a birnin Manchesta ta Ingila. Mutum 10 suka rasu, kuma bincike ya ɗora alhakin a kan hayaƙin soson kujerun. Wasu tagogin benen suna da ƙarfe, sai da 'yan kwana-kwana suka yanke shi kafin su fito da mutanen da ke bayansa. Wannan gobara na daga cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta kafa dokar 1988, wadda ta hana sayar da kujeru da soson da bai ci jarrabawar wuta ba. A watan Fabrairu na 2003, a jihar Rod Ailan ta Amurka, soson da aka manna a bangon wani gidan rawa domin rage ƙara ya kama, mutum 100 suka mutu, kuma masu bincike sun nuna cewa cikin kamar minti ɗaya da rabi wurin ya zama ba ya zaunuwa. Irin haka ta sake faruwa a garin Santa Mariya na Barazil a Janairun 2013, inda mutum 242 suka halaka, akasarinsu da gubar hayaƙi.

Wata cibiyar gwajin kaya a Amurka mai suna Underwriters Laboratories ta shirya ɗakuna iri ɗaya, wasu da kayan da na katako da auduga, wasu da kayan zamani na soso da roba, ta sa musu wuta. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna ɗakin zamani ya kai game-ɗaki cikin ƙasa da minti 5, na kayan da kuwa sai da ya wuce minti 29.

8.0 Idan Muka Dawo Cikin Ganuwa

A ɗauki waɗannan mintoci biyar a kawo su unguwanni irin su Yakasai ko Sheshe ko Madabo. Lunguna da yawa mota ba ta shiga, balle motar 'yan kwana-kwana, sai dai ta tsaya a bakin titi a ja mesa. Tsarin gidan Bahaushe ƙofa ɗaya yake da ita ta soro, ɗakunan kuma tagoginsu ƙanana ne, kuma tsoron ɓarayi ya sa an dasa musu ƙarfe. Ƙaramar taga tana tare hayaƙi a ciki, tana kuma rage iska, wanda shi ne yanayin da gubar da muka ambata ta fi yawaita. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska a Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katako ya bushe ƙayau, kuma a lokacin ne ake shigar da kasko ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Ga hitar dafa ruwa da aka manta a kunne aka ɗauke wuta, ta dawo tsakar dare. Ga kyandir da maganin sauro mai hayaƙi a gefen katifa, ga galan ɗin fetur na janareto a lungun ɗaki.

Al'adarmu ta gobara ita ce a yi kururuwa, maƙwabta su fito da bokitai, wasu na zuba ruwa wasu na kwashe kaya. Wannan al'ada ta ceci gidaje masu yawa, kuma ta ginu ne a kan lokacin da itace ke bayarwa. A ɗakin soso, wanda ya koma ɗauko akwati yana iya faɗuwa kafin ya juyo. Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a ƙara a kan abin da aka gada. Na farko, a fitar da mutane kafin kaya, kuma wanda ya fito kada ya koma. Na biyu, a fita da rarrafe, domin zafi da hayaƙi a sama suke taruwa. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana rage baƙin hayaƙi, amma ba ya tace kabon monoksaid ko sayanayid. Na uku, a jawo ƙofar ɗakin da ya kama a rufe bayan an fito, domin hakan na rage wa wutar iska, yana kuma tsare sauran gida. Na huɗu, ruwa yana kashe wutar soso idan tana ƙarama, amma ba a zuba shi a kan fetur ko wayar da ke da lantarki, a nan sai a kashe layi a yi amfani da yashi. Katifar da aka kashe wa wuta a fitar da ita tsakar gida a jiƙa ta sharkaf, domin tana iya ci gaba da ci a ciki. Na biyar, kowane ɗakin kwana ya sami taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki. Na shida, na'urar jin hayaƙi mai aiki da batir ita ce ke tayar da mai barci tun wutar tana matakin ƙaiƙayi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda itace ke rushewa a hankali yana kare kansa da gawayi, da yadda magina suka ƙara masa kariya da ƙasa. An kuma ga yadda soso ke kamawa cikin sakan, ya narke, ya fitar da guba iri biyu. Ba a ce a koma gadon kara ba, domin soso ya riga ya zama ɗan gida. Abin da ake bukata shi ne hukumar kula da ingancin kaya ta dubi yadda soson katifa da kujera ke cin wuta kamar yadda wasu ƙasashe suka yi, masu gyaran tsofaffin gidaje kuma su raba kogon silin ɗaki-ɗaki da bango har jikin kwano.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Harshen yana da garwashi da rushi da tartsatsi da kunkunniya, duk kalmomin da wutar itace ta haifar, amma ba shi da tsayayyun kalmomi na rushewa da zafi, ko game-ɗaki, ko gubar hayaƙi. Waɗanda aka yi amfani da su a nan shawara ce, malamai da ɗalibai na iya gyarawa ko su kawo waɗanda suka fi su. Uwar gida da ke Koki da mai ɗinkin kujera da maigadin makarantar allo ba za su kiyayi haɗarin da ba a faɗa musu shi da harshensu ba. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.